Daga cikin jiki zuwa tsakanin ƙasashe: wane samfurin lissafi ya dace da bibiyar yaɗuwar cuta?

Duk wanda ya zauna zai lissafa yadda cuta ke yaɗuwa, ɗalibi ne mai shirin rubuta kundin digiri ko jami'in lafiya da aka ce ya kawo hasashe kafin zama na gaba, da wuri yake cin karo da tambayar matakin da zai tsaya. Cuta ɗaya tana aiki a wurare da yawa lokaci guda. A jikin mara lafiya ƙwayar cutar tana hayayyafa cikin sa'o'i. A cikin gida tana tsallakawa daga wani zuwa wani cikin kwanaki. Tsakanin garuruwa tana bin mota da jirgin sama cikin makonni, garkuwar al'umma kuwa shekaru take ɗauka tana ginuwa tana zaizayewa. Kowane mataki da irin lissafinsa, akwai kuma masu ƙoƙarin ɗaure matakan wuri guda.

Ra'ayina shi ne a tsaya a matakin da shawarar da za a yanke take, kada a ƙara wani mataki sai an tabbatar cewa ƙara shi yana canza amsar. Masu sabon shiga sukan ɗauka samfurin da ya fi kama da duniya shi ya fi faɗin gaskiya. Tarihin fannin bai nuna haka ba.

Abubuwan da za ka duba kafin ka zaɓa

Tambayar ita ce gaba da komai. "Ya cutar nan za ta kasance?" ba abin da samfuri zai amsa ba ne. Amma "gadaje nawa asibitoci za su buƙata nan da mako uku", ko "kashi nawa na yara za a yi wa rigakafi kafin ƙyanda ta daina ɓarkewa", ko "gwaji mai sauƙi sau biyu a mako ya fi, ko mai kaifi sau ɗaya", waɗannan tambayoyi ne, kuma kowacce a matakinta take zaune.

Sai alƙaluman da ke hannunka. Kowane samfuri yana da lambobin saiti, wato lambobin da ake zuba masa kafin ya yi aiki: saurin yaɗuwa, tsawon jinya, yawan cuɗanya da sauransu. Idan abin da kake da shi adadin masu kamuwa ne kawai na kowace rana, lambobi biyu ko uku za ka iya cirowa daga ciki da tabbaci. Samfuri mai lambobin saiti hamsin zai bi wannan layin tsaf, amma ta hanyoyi dubu mabambanta, kowace da nata hasashen.

Tsada a wannan fanni ba ta sayen manhaja ba ce, domin kusan duk manyan kayan aikin kyauta suke. Tsadar tana cikin lokacin ƙwararru, da tattara bayanai, da ƙarfin kwamfuta idan za a maimaita lissafi sau dubbai. Ƙarko kuma shi ne ko samfurin zai ci gaba da amfani idan ƙwayar cutar ta sauya, ko idan wanda ya rubuta shi ya bar aikin. Sauƙi yana da fuska biyu: saurin ginawa, da yadda wani daban zai iya bincika aikin ya gano kuskure. Na ƙarshe haɗari, wato ta wace hanya samfurin ke ɓatar da mutum, domin kowanne da irin ƙaryarsa.

Samfurin rukuni-rukuni

Wannan shi ne kaka. A 1927 Kermack da McKendrick suka kasa jama'a gida uku: waɗanda za su iya kamuwa, waɗanda suka kamu suna yaɗawa, da waɗanda suka fita daga sahu ta hanyar warkewa ko mutuwa. Shi ake kira SIR. Suka gwada shi da alƙaluman annobar da ta auka wa Bombay a 1905 zuwa 1906. Idan aka saka rukunin waɗanda suka kamu amma ba su fara yaɗawa ba, sai ya zama SEIR.

Ƙa'idoji uku ko huɗu ne kacal, amma abin da ke fita daga cikinsu ba kaɗan ba ne. Daga nan ake samun R0, matsakaicin adadin mutanen da mai cuta ɗaya zai harba a cikin jama'ar da ba ta da garkuwa. Idan bai kai 1 ba cutar za ta mutu da kanta. Idan ya wuce, kason da ake buƙata su samu garkuwa shi ne 1 a ɗebe 1/R0. Ga ƙyanda, wadda aka saba ba ta R0 tsakanin 12 da 18, hakan ya kama kashi 92 zuwa 94 cikin 100. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: annobar da aka bari ta ci karenta babu babbaka ba ta tsayawa a wannan iyaka. Da R0 na 2 iyakar kashi 50 ce, amma kusan kashi 80 ne za su kamu kafin wutar ta mutu, saboda a ranar da aka kai iyakar masu ɗauke da cutar sun fi kowane lokaci yawa.

Irin wannan lissafi ne Ronald Ross ya yi wa zazzaɓin cizon sauro, George Macdonald ya faɗaɗa shi a shekarun 1950. Abin da ya fito fili shi ne tsawon ran sauro ya fi yawansa tasiri, domin ƙwayar cutar tana buƙatar kwana 10 zuwa sama a cikin sauro kafin ya iya harbin wani. A ce kwana 12 ne. Idan damar sauro ta kwana da rai ta sauko daga kashi 90 zuwa kashi 80 a kowace rana, ƙarfin yaɗawarsa yana raguwa kusan ninki 9. Wannan hujja ce ta ƙarfafa fesa maganin sauro a bangon ɗakuna, kuma da takarda da alƙalami aka same ta.

Tsadarsa kusan babu: mai ilimin lissafin jami'a zai gina shi da harshen kwamfuta na R ko Python cikin yini guda, kwamfuta ta warware shi cikin ƙiftawar ido. Ƙarkonsa ya fi na kowa, shekara kusan ɗari ke nan ana amfani da shi. Ana iya kasa shi bisa shekarun haihuwa, kuma a ganina wannan ƙarin kusan wajibi ne ga cututtukan numfashi. Binciken POLYMOD na 2008, wanda ya rubuta cuɗanyar mutum 7,290 a ƙasashen Turai 8, ya nuna mutane sun fi cuɗanya da sa'anninsu, musamman 'yan makaranta.

Haɗarinsa biyu ne. Na ɗaya, yana ɗauka kowa na iya haɗuwa da kowa, kuma halin mutane ba ya sauyawa. A Satumba 2014 hukumar CDC ta Amurka ta yi hasashen cewa masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 kafin ƙarshen Janairu 2015 idan ba a ƙara ɗaukar mataki ba. Jimillar da aka rubuta a duk annobar Afirka ta Yamma wajen 28,600 ce. Sharaɗin "idan ba a ɗauki mataki ba" yana cikin rahoton, amma lambar ce ta yi yawo, ba sharaɗin ba. Na biyu ya fi ɓuya. A ce masu kamuwa suna ninkawa duk kwana 5, kuma tazarar kamuwar mutum da ta wanda ya harba kwana 7 ce a matsakaici. SIR na asali zai ba ka R0 kusan 2. Idan ka ɗauka tazarar kwana 7 ce cif ga kowa, sai ka samu 2.6. Alƙaluma ɗaya ne, amma iyakar rigakafi ta tashi daga kashi 50 zuwa 62, saboda wani zato da yawancin masu amfani da samfurin ba su ma san sun yi shi ba.

Samfuri mai jefa ƙuri'a

Samfurin da ya gabata amsa ɗaya yake bayarwa kullum, kuma bai damu ba ya ce rabin mutum ne ya kamu. Idan masu cutar dubbai ne wannan ba matsala. Idan uku ne, sa'a ce ke mulki. A nan ake barin kwamfuta ta jefa ƙuri'a a kan kowace kamuwa da kowace warkewa, a maimaita sau dubbai, a ga kashi nawa ne suka zama annoba. Hanyar da Gillespie ya fitar a shekarun 1970 don lissafin sinadarai ita ce aka fi ara.

Da R0 na 2, mai cuta ɗaya da ya shigo gari yana da damar rabi da rabi cutar ta mutu a hannunsa ko a hannun 'yan kaɗan da ya harba. Idan biyar suka shigo, damar cutar ta mutu da kanta ta koma kusan kashi 3. A 2005 Lloyd-Smith da abokan aikinsa suka ƙara wata lamba mai suna k, wadda ke auna rashin daidaito tsakanin masu yaɗawa: gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon girman rashin daidaiton. Ga SARS a Singafo sun samu 0.16, ma'ana yawancin masu cutar ba su harbi kowa ba, 'yan tsiraru ne suka harbi jama'a da yawa. Da irin wannan k, ko da R0 ya kai 3, kashi 76 na shigowar cuta ta hanyar mutum ɗaya suna mutuwa da kansu. Wannan ne ya sa wata ƙasa take samun masu shigo da cuta sau da yawa shiru, rana ɗaya kuma ta wayi gari da ɓarkewa.

Tsadarsa ta ɗan ɗara ta na farko, ƙarkonsa daidai da shi. Wahalarsa wajen bayani take: shugabanni sun fi son lamba ɗaya, kai kuma damammaki kake kawo musu. Duk tambayar da ta shafi farkon ɓarkewa ko ƙarshenta, kamar kawar da shan-inna ko ƙyanda, ba a amsa ta da samfuri mai amsa ɗaya. Tun 1957 Bartlett ya nuna ƙyanda ba ta iya zama dindindin a garin da bai kai mutum 250,000 ko makamancin haka ba, sai dai a sake shigo da ita.

Samfurin saƙar mu'amala

A nan kowane mutum ɗigo ne, kowace alaƙa zare ce, cuta kuma zaren kawai take bi. Amfaninsa ya fi fitowa a cututtukan da ake ɗauka ta jima'i ko ta musayar allura, inda yawan abokan hulɗa ya bambanta ƙwarai. Ɗauki al'ummomi biyu. A ta farko kowa na da abokan hulɗa 4. A ta biyu kashi 90 suna da 2, kashi 10 suna da 22. Matsakaici a duka biyun 4 ne, amma a idon cuta ta biyun tamkar 13 ce, fiye da ninki uku, domin masu hulɗa da yawa su ne suka fi kamuwa kuma su ne suka fi yaɗawa.

Lissafin kyakkyawa ne, kuma akwai manhajar EpiModel da ke sauƙaƙa ginin. Matsalar bayanai ce. Mutane ba sa faɗin gaskiya a kan irin waɗannan alaƙoƙi, kuma 'yan tsirarun da suka fi tasiri su ne suka fi wuyar samu a bincike. Ga mura ko korona, inda numfashi a ɗaki ɗaya ya isa, ban ga abin da cikakkiyar saƙa ke ƙarawa a kan kasa jama'a bisa shekaru da gidaje ba.

Samfurin gari-gari

Kowane gari ko gunduma ana ba ta nata SEIR, sannan a haɗa su da zirga-zirgar mutane. A 1985 Rvachev da Longini suka yi amfani da jadawalin jiragen sama tsakanin birane 52 suka sake zana yadda murar Hong Kong ta 1968 ta zagaya duniya. Jikansa na yau shi ne GLEAM, wanda ya kasa duniya yankuna sama da 3,000 kewaye da filayen jirgin sama. Da shi aka lissafa cewa rufe Wuhan a ranar 23 ga Janairu 2020 ya jinkirta annobar a cikin ƙasar Sin da kwana 3 zuwa 5 kawai, domin ta riga ta isa sauran birane, amma ya rage fitarta zuwa ƙetare da kusan kashi 80 har tsakiyar Fabrairu. A matakin ƙasa kuma, Grenfell da abokan aikinsa sun nuna a 2001 yadda ƙyanda take tasowa daga manyan biranen Ingila da Wales tana gangarawa ƙananan garuruwa. A Kenya, wani bincike na 2012 ya bi zirga-zirgar masu wayar salula kusan miliyan 15 don gano inda ake kwaso zazzaɓin cizon sauro da inda ake kai shi.

Tsadar a nan ta bayanan tafiye-tafiye ce. Garuruwa 100 na nufin hanyoyi 9,900 idan aka ƙirga zuwa da dawowa. Inda babu bayanai, akan yi zaton cewa zirga-zirga tana ƙaruwa da girman garuruwan biyu tana raguwa da nisansu, zaton da ke aiki a wani wuri ya ƙi a wani. Bayanan waya kuwa mai waya suke gani, ba sa ganin ƙananan yara, waɗanda su ne ke ɗauke da cututtuka da dama. Ƙarkonsa matsakaici ne, tunda annoba kanta tana sauya yadda mutane ke tafiya. Yana da ƙarfi wajen faɗin inda cuta za ta ɓulla gaba da kusan lokacin, yana da rauni wajen faɗin girman abin da zai faru a can.

Samfurin ɗaiɗaiku

Wannan shi ne mai jan ido. Ana ƙera al'umma a kwamfuta, kowane mutum da shekarunsa, gidansa, makarantarsa ko wurin aikinsa, a saki cuta a cikinsu. A 2005 Neil Ferguson da abokan aikinsa suka yi wa mutum miliyan 85 na Tailan da kewayenta haka don nazarin murar tsuntsaye. Jikan wannan manhaja ce ta haifi rahoton Kwalejin Imperial na 16 ga Maris 2020, wanda ya ce idan ba a yi komai ba korona za ta iya kashe 510,000 a Birtaniya da miliyan 2.2 a Amurka. Mako guda bayan nan Birtaniya ta shiga kulle.

Ga abin lura. Rahoton ya ce kashi 81 za su kamu, kuma kashi 0.9 na masu kamuwa ne ke mutuwa. Ninka waɗannan da mutum miliyan 66, za ka samu wajen 480,000. Ke nan babbar lambar ba ta buƙatar babbar kwamfuta. Inda samfurin ya ci kuɗinsa shi ne kwatanta matakai: rufe makarantu, killace iyalin mara lafiya, nisanta tsofaffi, da haɗa su biyu-biyu ko uku-uku. Irin waɗannan matakai a kan gida da aji suke sauka, samfurin da ba shi da gida da aji kuwa sai dai ya kintata tasirinsu.

Shi ya fi kowa tsada. Yana buƙatar ƙidayar jama'a mai zurfi, masu rubuta manhaja, da kwamfutoci masu ƙarfi don maimaitawa. Wani binciken da aka yi wa manhajar Imperial daga baya ya ƙirga lambobin saiti sama da 900, ya gano cewa ƙasa da 20 ne ke juya sakamakon. Ƙarkonsa ya dogara da ko akwai cibiyar da ke kula da shi. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ya gina nasa daga tushe alhali ga Covasim, ga EMOD, ga OpenMalaria, duk a buɗe.

Haɗarinsa shi ne kamar gaske. Taswira mai motsi da ɗigo miliyan tana sa mai kallo ya manta cewa rabin lambobin kintace ne. A annobar cutar baki da kofato ta 2001 a Birtaniya, samfuran da suka bi gonaki ɗaya bayan ɗaya sun taimaka wajen yanke shawarar kashe dabbobin gonakin da ke maƙwabtaka da masu cutar. An kashe dabbobi sama da miliyan 6, kuma har yau likitocin dabbobi da masu lissafi suna jayayya a kan ko an wuce gona da iri.

Samfurin cikin jiki, da mai hawa biyu

Idan aka gangara cikin jiki, ƙa'idojin kusan irin na SIR ne, sai dai a madadin mutane ana ƙirga ƙwayoyin jiki masu lafiya, waɗanda suka kamu, da yawan bairas. Babbar nasararsa a HIV take. Kafin 1995 ana ganin shekarun da mai ɗauke da ita yake yi ba alamar ciwo tamkar lokacin barcin cutar ne. Masu bincike Ho da Perelson da abokan aikinsu suka auna yadda bairas ke raguwa a jini bayan an ba da magani. A 1996, daga marasa lafiya 5 kacal, suka lissafa cewa jiki na fitar da bairas wajen biliyan 10 a kullum, rabinsu na gushewa cikin kimanin sa'a 6. Da irin wannan hayayyafa, duk wani sauyi guda da zai sa bairas ya bijire wa magani ɗaya yana faruwa kowace rana. Wannan na cikin hujjojin haɗa magunguna uku.

Ginin ba wuya. Bayanan ne ke da tsada, domin ana buƙatar ɗibar jini ko majina daga mutum ɗaya akai-akai, kuma kwanakin farko, lokacin da bairas ke hawa, su ne ba a cika samu ba tunda mutum bai san ya kamu ba.

Samfuri mai hawa biyu shi ne a ɗora wannan a ƙarƙashin na al'umma, yadda yawan bairas a jikin mutum zai riƙa faɗin ƙarfin yaɗawarsa a kowace rana. Duk ginin a kan gada ɗaya yake tsaye: alaƙar yawan ƙwayar cuta da damar harbin wani. A HIV an auna gadar. Binciken Rakai a Yuganda, wanda aka wallafa a 2000, ya bi ma'aurata 415 da ɗayansu ke ɗauke da cutar. Duk ninki 10 na bairas a jini ya ƙara haɗarin da kusan ninki biyu da rabi, kuma a cikin 51 da bairas ɗinsu bai kai 1,500 a kowace mililita ba, babu wanda ya harbi abokin zamansa. Yawancin cututtuka ba su da irin wannan awo, sai mai samfuri ya zaɓi siffar gadar da kansa, amsar kuma ta bi zaɓinsa.

To yaushe ya cancanci wahalar? Idan shawarar kanta tana taɓa matakan biyu. A lokacin korona, Larremore da abokan aikinsa sun ɗora hawa da saukar bairas a jiki a kan yaɗuwa cikin jama'a, suka nuna cewa don daƙile yaɗuwa, yawan maimaita gwaji da saurin fitar sakamako sun fi kaifin gwajin muhimmanci. SEIR zalla ba zai ga wannan ba, domin a wurinsa duk mai cuta ɗaya ne daga ranar farko zuwa ta ƙarshe. Haka batun bijirewa magani, da rigakafin da ke rage yawan ƙwayar cuta ba tare da hana kamuwa ba. In ba irin waɗannan ba, akwai hanya mai araha: a yi lissafin cikin jiki daban, a ciro yadda ƙarfin yaɗawa ke sauyawa da kwanaki, a zuba shi cikin samfurin al'umma a matsayin lambobi. Sa'o'in cikin jiki da watannin annoba sun yi nisa da juna har ba a cika yin asara ba idan aka raba su.

| Samfuri | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Rukuni-rukuni | Kaɗan ƙwarai | Sosai | Sosai | Zaton kowa na cuɗanya da kowa |
| Mai jefa ƙuri'a | Kaɗan | Sosai | Ginawa da sauƙi, bayani da wuya | A ɗauki gwaji ɗaya a matsayin hasashe |
| Saƙar mu'amala | Matsakaiciya | Matsakaici | Matsakaici | Bayanan alaƙa marasa inganci |
| Gari-gari | Matsakaiciya zuwa babba | Matsakaici | Matsakaici | Zirga-zirgar da ta riga ta sauya |
| Ɗaiɗaiku | Babba | Sai da masu kula | Da wuya | Kintace mai kama da gaskiya |
| Cikin jiki | Bayanai ne masu tsada | Sosai ga cuta ɗaya | Matsakaici | Rashin awon kwanakin farko |
| Mai hawa biyu | Babba | Kaɗan | Da wuya ƙwarai | Gadar da ba a auna ba |

Wa ya dace da wanne

Jami'in da ke son sanin ko ɓarkewa tana hawa ko tana sauka a wannan makon ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin manyan. Manhajar EpiEstim, wadda ta fito daga aikin Cori da abokan aikinta na 2013, tana lissafa R na yanzu, wato mutum nawa mai cuta ɗaya ke harba a halin da ake ciki, daga adadin masu kamuwa da tazarar kamuwa kawai. Don hasashen gadaje na mako biyu zuwa huɗu, SEIR mai rukunin shekaru ya isa, kuma idan akwai ƙungiyoyi da dama masu hasashe a haɗa nasu a ɗauki tsakiya. Abin da aka gani a gasar hasashen mura da ta korona a Amurka shi ne haɗaɗɗen hasashe ya fi kusan kowane ɗaya tsayawa daidai, kuma bayan mako huɗu duka suna fara lalacewa.

Mai tsara rigakafi, ko wa za a fara yi wa da kashi nawa ake nema, ya ɗauki rukuni-rukuni mai shekaru. Idan burin kawar da cutar ne gaba ɗaya, ko auna haɗarin mutum ɗaya da ya shigo da ita, ya koma mai jefa ƙuri'a, ya kuma nemi k, kada ya tsaya a R0. Mai rabon kayan aiki tsakanin yankuna, ko mai nazarin rufe hanyoyi, gari-gari ne nasa, da sharaɗin ya fara samo bayanan zirga-zirga kafin ya rubuta layi ɗaya na manhaja. Mai aiki a kan HIV da dangoginta ya duba saƙar mu'amala.

Samfurin ɗaiɗaiku na cibiyar da ke da ma'aikata da lokaci ne, kuma ga tambayoyin da ke sauka a kan gida, aji ko bibiyar waɗanda suka yi hulɗa da mai cuta. Ko a nan a ajiye ƙaramin SEIR a gefe. Idan suka yi hannun riga, a nemo dalilin kafin a kai wa kowa sakamako. Mai nazarin magani da adadin da za a sha, cikin jiki ne fagensa. Ɗalibin digiri na biyu da ke sha'awar hawa biyu ya fara tambayar kansa ko an taɓa auna gadar a cutar da ya zaɓa. Idan an auna, kamar a HIV, ya ci gaba. Idan ba a auna ba, ya gwada siffofin gada uku ko huɗu, ya rubuta yadda amsar ke sauyawa da kowacce, wannan ma kundi ne cikakke.